Fentin Jirgi da Nauyin Gaskiya

Akwai wata sana'a da ta samu karɓuwa a wajen matasa masu sha'awar jiragen sama: a ɗauki tsohon jirgin koyar da sojoji a cikin manhajar kwaikwayon tuƙi, irin su Microsoft Flight Simulator, a sake masa fenti daidai da yadda yake a zamaninsa. Sai ka ga yaro a Anloga ko Sabon Zango, nan Kumasi, ya kwana yana daidaita ja da ruwan ɗorawa da kore na tambarin sojojin saman Gana a jikin Aermacchi MB-326, jirgin Italiya da ƙasar ta yi amfani da shi. Aikin ya yi kyau, babu musu. To amma shin wanda ya ƙawata makami yana da wani nauyi a wuyansa?

Mu ɗauki L-29 Delfin, wanda kamfanin Aero na Cekoslobakiya ya ƙera, ya fara tashi a 1959. An yi shi ne don koyar da matuƙa. Amma a Janairun 1967 shugabannin sojan Najeriya suka zauna a Aburi, nan ƙasar Gana, a ƙarƙashin Janar Ankrah, sulhun bai ɗore ba, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli. A shekarar ce Najeriya ta samu waɗannan jirage, aka ɗora musu makamai, suka riƙa kai hari har yaƙin ya ƙare a 1970. Su ma 'yan Biyafara haka suka yi: a 1969 Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin, ya sa wa ƙananan jiragen koyo MFI-9 rokoki ya kai farmaki filin jirgin Fatakwal. Kowane ɓangare ya mayar da allon karatu takobi.

Wasu za su ce ai wasa ne, babu wanda fenti ya taɓa kashewa. Gaskiya ne. Za su ƙara da cewa mai fentin yana adana tarihi ne, kamar yadda gidan tarihin sojoji da ke tsohuwar ganuwar Kumasi yake ajiye bindigogi ba tare da wani ya ce yana yabon kisa ba. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a gidan tarihi akwai mai yi maka bayani, ya gaya maka waye ya riƙe bindigar, kuma wa aka auna da ita. A manhaja kuwa, kana sama ne kawai. Kana ganin gajimare da kogi da rufin gidaje, ba ka ganin matar da ta goya ɗanta tana gudu don ta ji ƙarar injin.

Nan ne nauyin yake. Mutumin da zai ɓata mako yana neman ainihin lambar da ke wutsiyar jirgi, ya riga ya nuna cewa gaskiya ta dame shi. Me zai sa gaskiyar ta tsaya a kan launi? In har kuskuren kore ɗaya abin kunya ne a wajensa, to shiru a kan abin da jirgin ya aikata ya fi zama abin kunya. Rabin gaskiya da aka goge ta tana ƙyalli ta fi ƙarya saurin shiga zuciya.

Ba cewa ake a daina ba. A yi fentin, a kyautata shi, domin wataƙila daga nan wani yaron zango zai zama matuƙi ko injiniya. Amma duk wanda ya saki aikinsa ga jama'a, ya haɗa da layi biyu ko uku: wannan jirgi ya koyar da matuƙa, ya kuma je yaƙi a shekara kaza, an rasa rayuka a ƙarƙashinsa. Wanda zai hau ya hau da saninsa. Haka ake riƙon amanar matattu, na sama da na ƙasa.