Allura da Zare a Gidan Ubangiji

Bari mu fara da laifin kanmu. A wata ekklesiya cikin birnin Katsina akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu wadda ta daina zuwa sujada. Muka ce ta ja da baya, har muka shirya aiken dattawa su tsauta mata. Da matar pasto ta riga su zuwa, sai ta tarar ba zuciyarta ce ta yi sanyi ba. Rigunan yaran ne suka yayyage, ga hunturu ya shigo, ba ta da kuɗin tela, ba ta kuwa taɓa riƙe allura ba. Kunya ta hana ta fitowa ran Lahadi. Mu kuwa muna can muna yi mata shari'a.

Kada kowa ya yi mamaki. A ƙasar Hausa tun dā kaɗi na mata ne, amma ɗinkin riga aikin maza ne. Mace tana iya girma, ta yi aure, ta haifu, ba wanda ya nuna mata yadda ake zura zare a kafar allura.

Domin wannan zumuntar mata ta ware sa'a guda bayan addu'a. Ba a fara da keken ɗinki ba, gama kaɗan ne suke da shi. Ana koyon ƙulla zare, da sa maɓalli, da kalmasa bakin zane, sa'an nan maho. Wajen maho ne aka fi daɗewa. Sabon akoko yakan tsuke in ya sha ruwa, saboda haka tilas a wanke ƙyallen, ya bushe, kafin a ɗora shi. In ba haka ba, ranar wanki zai ja tsohuwar tufa, yagewar ta fi ta dā. Ubangiji Yesu ya san wannan sarai, ya kuwa yi misali da shi cikin Markus 2:21. Wata tsohuwa ta yi dariya, ta ce ashe ya lura da aikin mata.

Waɗansu sun ce wannan ba aikin ruhaniya ba ne, a bar lokacin domin karatun Littafi. To, mu buɗe Littafin. Cikin Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta mutu a Yafa, ba wa'azinta gwauraye suka nuna wa Bitrus ba. Riguna suka nuna masa, waɗanda ta ɗinka da hannunta. Yakubu da Yohanna suna gyaran taru sa'ad da aka kira su. Kalmar nan ta gyaran taru a Helenanci, ita ce Bulus ya sake ɗauka cikin Galatiyawa 6:1, inda yake koya mana yadda za a komo da ɗan'uwan da ya faɗi. Mai maho ba ya fizgar tufa. Yakan duba inda zaren yake da sauran ƙarfi, ya kama daga nan a hankali. Mu da muka so aiken tsautawa, fizga muka yi niyya.

Mu tuna kuma da Babbar Ruga, bayan gari, inda mishan ta SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a 1937. Wanda cuta ta ci yatsunsa ba ya iya zura allura. Haka makaho, haka tsoho mai rawar hannu. Tufarsu in ta yage, hannun wa take jira?

Gwauruwar nan ta komo sujada da yaranta. Yanzu ita take koya wa sababbi kalmasa. Amma almakashi ɗaya ne ake bi da bi a kansa, zare kuma yana ƙarewa. Wanda yake da tsofaffin tufafi ko guntayen ƙyalle, ya wanke su, ya kawo wa matar pasto. Maza ma da suke kwana da wando a yage, tabarma tana da sauran wuri.