Zaren da ke narkewa da haƙƙin yaro a kanmu

Ya ƴan'uwa musulmi, sau da yawa uba yakan kai ɗansa likita domin kaciya ko aikin gwaiwa, sai lokotoro ya ce masa zaren da aka yi ɗinki da shi ba za a cire shi ba, a jiki zai narke. Nan sai zuciya ta tsaya: shin ya dace mu yarda a bar baƙon abu cikin jikin yaron da ba shi da bakin yarda ko ƙi?

Mu sani cewa wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, masanin tiyata na Andalus wanda ya rasu wajen 1013 miladiyya, ya ɗinke rauni da zaren hanjin dabba. A farkon shekarun 1970 aka samu zaren da ake haɗawa a masana'anta, kamar Dexon, da Vicryl wanda ya fito a 1974. Ruwan jiki ne ke warware shi sannu a hankali. Vicryl yakan ɓace tsakanin kwana 56 da 70, kuma kumburin da yake jawowa bai kai na zaren hanji ba. Mai shakkar ko an yanka dabbar da aka ɗebi hanjinta, to wannan ba hanji ba ne.

Saura wata shakka da ke cikin al'adarmu. Wasu na cewa yaro ya sha wuya domin ya koyi dauriya. Lalle haƙuri ado ne, amma wurinsa shi ne cutar da ba ta da makawa. Ranar cire zare sai an danne ƙaramin yaro yana kuka, wani lokaci ma sai an sake ba shi maganin barci. Wahalar da muke da ikon kawarwa, in muka bar ta, ba tarbiyya muka yi ba, sakaci muka yi da amana.

Ba kowane rauni wannan zare ya dace da shi ba, zaɓi na lokotoro ne. Namu shi ne mu yi tambaya, mu tsabtace wurin, mu koma likita in muka ga ruwa, ja ko zazzaɓi. In tsada ta hana wani uba saye, to mawadatan unguwa su tuna cewa za a tambaye su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a. Amin.