Kuturun Da Ya Warke

'Yan'uwa, ku duba Markus 1:40-45. Yesu yana da ikon warkar da kuturun nan da magana kaɗai, amma sai da ya taɓa shi. Don me?

Tun 1981 akwai haɗin magunguna mai kashe ƙwayar kuturta, tun 1995 kuwa kyauta ake bayarwa. Amma magani ba ya mayar da yatsun da suka gutsure. Saboda haka mutum yakan warke sarai, a gida kuwa ana ta ware masa ƙwaryarsa. A ganina wannan zalunci ne, gama ba sauran cutar da zai sa wa kowa, tabonta kaɗai ya rage. Idan irin wannan mutum ya zo neman auren 'yarka, me za ka ce masa?