Ruwan da Ke Saura a Gaɓa: Iyakar Wanki a Alwala

A makarantun zaure na Magaria da Dungas, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Risala bisa mazhabar Malikiyya, ana koya wa ɗalibi cewa shafa ita ce bin gaɓa da jiƙaƙƙen hannu, kamar yadda ake yi wa kai, wanki kuwa ba ya tabbata sai ruwa ya gudana a kan fata. Inda aka rabu shi ne gwargwadon gudanar, domin Hanafawa sun sharɗanta ɗiga, alhali an ruwaito a Mudawwana cewa Imamu Malik bai yarda a mai da ɗigar ma'auni ba.

Halin ruwan kansa yana taimakawa wajen fahimtar matsayin Malik. Idan mai alwala ya zuba ruwan buta a hannunsa, mafi yawansa yakan zube nan take, sai wani siririn lulluɓi ya saura manne da fata, nauyinsa na jan sa ƙasa, danƙonsa, wato tirjiyar da ruwa ke yi wa gudu, yana riƙe shi. Harold Jeffreys, masanin lissafi na Ingila, ya nuna a 1930 cewa irin wannan lulluɓi a jikin abin da ke tsaye ya fi siranta daga sama, kuma sai lokaci ya ninka sau huɗu kafin kaurinsa ya ragu da rabi. Ke nan ruwa yana ci gaba da tafiya a kan fata bayan ido ya daina ganin motsinsa, kuma rashin ɗiga ba ya nufin rashin gudana.

Sai dai lulluɓin ba abin dogaro ba ne, musamman da hunturu, lokacin da mutanen Wacha ko Malawa ke shafa mai saboda kaushi: a kan fata mai maiƙo yakan tsage ya dunƙule ɗigo-ɗigo, ya bar lam'a, wato gurbin da ruwa bai taɓa ba. Farillar cuɗawa, wadda Malikawa suka keɓanta da ita, ita ke rufe wannan giɓi, tunda tafin hannu yana kai ruwa inda gangara ba ta kai shi ba, ba tare da an ƙarar da buta ba.

Farillar gaggautawa ma a kan wannan lulluɓi aka rataya ta, domin ana auna tsawon jinkiri tsakanin gaɓa da gaɓa da bushewarsa. Amma malamai ba su miƙa hukuncin ga iskar ranar ba, sun ƙaddara shi da matsakaicin yanayi da matsakaicin jiki, kuma wannan zaɓi ne mai hikima, don ya toshe ƙofar wasuwasi. Wanda busasshiyar iskar Janairu ta shanye ruwan fuskarsa kafin ya kai gwiwar hannu ba zai sake alwala ba, muddin bai tsaya wani sha'ani ba.