Wane Littafi Za Mu Miƙa Wa Yaro?

Kowace shekara in hutu ya gabato, akwai tambaya guda da ba ta ƙetare mu, mu malaman makaranta. Yaro ya kan tsaya bayan an tashi, ya jira 'yan'uwansa su watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, wane littafi zan karanta a gida?" Wani lokaci kuma uban yaro ne za mu gamu da shi a kasuwa ko wurin suna, ya ce a zaɓo wa ɗansa littafi, shi ma in da wanda ya dace da irinsa a faɗa masa. Tambayar ga alama mai sauƙi ce, har a kan amsa ta a tsaitsaye. Amma mu da muka daɗe muna amsa ta mun san nauyi gare ta, don wanda ya miƙa wa yaro littafi ya haɗa shi ne da baƙon da zai kwana da shi a ɗaki, yana yi masa magana a kunne sa'ad da babu babba kusa.

Abin da ya sa muka ɗauki alkalami a kan wannan batu shi ne wani abu da ya same mu. Mun ba wani yaronmu na babban aji aron Jiki Magayi. Kwana uku tsakani sai ga ubansa ya yi sallama, littafin na hannunsa. Dattijo ne mai mutunci, tela, ya kuwa iya karatun boko. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, na ba ka amanar yaron nan, ka rasa abin ba shi sai littafin da ke cike da sammu da sata? Ashe littattafan kirki sun ƙare ne?" Ba mu raina maganarsa ba ko kaɗan, gama uba ne, ya fi mu iko da ɗansa. Tambayarsa kuwa ita ce za mu sa gabanmu yau, watau, shin littafin kirki shi ne wanda babu mugu a cikinsa?

Bari mu fara ba dattijon nan gaskiyarsa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, abin da yaro ya karanta kuwa yana shekara goma sha biyu ya kan bi shi har furfura. Lalle akwai littattafan da su kan yi wa mugunta kwalliya, su nuna ɓarawo da babbar riga da mota har yaro ya ji yana sha'awarsa. Uban da ya tsare ɗansa daga irin waɗannan bai yi laifi ba.

Amma fa in muka kafa doka cewa duk labarin da ke da mugu a ciki a kau da shi, to, Gizo ne za mu fara kora. Wa ya fi Gizo ha'inci da kwaɗayi? Duk da haka kakanninmu mata ba su ɓoye mana shi ba, kullum dare sai sun kawo mana shi a tsakar gida. Sun san yaro ba zai dawwama a ɗakin uwarsa ba. Gobe zai fita kasuwa, can kuwa zai tarar da Gizo ya sa hula yana ciniki. Gara ya fara ganinsa a tatsuniya, inda cutarsa ba ta taɓa aljihun kowa.

To, in haka ne, da wane mudu za mu auna littafi? Waɗansu su kan ce a duba shafin ƙarshe, in an hukunta mugu shi ke nan. Wannan mudu bai cika ba. Sau nawa muka ga marubuci ya ɓata shafi ɗari yana zuga shaƙiyyi, sa'an nan a rabin shafi ya kashe shi da haɗarin mota don a ce ya yi wa'azi? Yaro ba wawa ba ne, shafi ɗarin nan zai riƙe. Mudun da mu ke aunawa da shi shi ne wannan: marubucin ya nuna mana abin da muguntar ta jawo wa wanda aka yi wa, har muka ji zafinta a jikinmu? In ya yi haka, littafinsa ya yi wa mai karatu amfani ko da miyagu sun cika shi.

Ku dubi Jiki Magayi ɗin nan. Wani mai dukiya ya raba saurayi da yarinyar da ya ke so, saurayin ya rantse sai ya rama. Ramuwar kuwa ta sauka kan ɗan da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo, ya zama sanadin ajalin ubansa. Mai ramuwar kansa bai mori kome ba sai wahala. Yaron da ya kai ƙarshen wannan labari ba zai fito yana marmarin sammu ba, sai dai ya fito yana tsoron riƙo a zuciya.

Ko kuwa ku dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana malamin makaranta a Bauchi, tun ba a san zai zama Firayim Ministan Nijeriya ba. Labarin zamanin bauta ne. An sace Umar yana ƙaramin yaro, aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Mun sha koya wa yara tarihin cinikin bayi da ayarin raƙuma, su rubuta a jarrabawa su ci, amma ba mu taɓa ganin aji ya yi tsit irin na ranar da a ke karanta labarin matar nan ba. Darasin tarihi ya gaya musu an sayar da mutane masu yawa. Labarin ya sa sun san uwa guda daga cikinsu, suka kuwa tuna da nasu iyayen.

Akwai kuma wata magana da waɗansu manya su kan kawo, su ce ai duk wannan ƙage ne, ƙarya kuwa ba ta kamata a ba yaro ba. Maganar tsohuwa ce. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labarai na ƙirƙira don gasa, ya sha wahalar shawo kansu, don a wurinsu rubutu na ilimi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga gasar nan ne littattafai biyar suka fito, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Amsarmu ga masu wannan magana gajera ce. Maƙaryaci so ya ke ka ɗauki zancensa gaskiya don ya cuce ka. Mai tatsuniya kuwa tun da fari ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", da ya gama ya ce "ƙurunƙus", ku duka kun san inda aka shiga da inda aka fita. Ba wanda aka yaudara.

Yanzu sai mu zo ga zaɓen. Mu a wurinmu duk littafin da ba ka karanta ba sabo ne, ko da ya girmi kakanka.

Ƙananan yara da suka fara haɗa baƙi, a nema musu Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara aka buga a 1971. Labaran gajeru ne, da yawansu kuwa yaro ya riga ya ji su da ka, saboda haka idonsa ba zai wahala ba wajen gane abin da kunnensa ya sani.

Wanda ya ɗan tasa, ba shi Magana Jari Ce, littafi uku, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga tsakanin 1937 da 1939. A na farko, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuwa yana ƙulla makirci a waje. Aku ne ya yi ta tsare Musa da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya halaka. Ku lura da wannan, 'yan makaranta. Aku ba shi da takobi ba shi da garkuwa, da labari kaɗai ya ceci ɗan sarki. Imam ya ɗebo labaran daga wurare da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa har ba ka cewa baƙi ne. Wanda ke son ya iya rubuta Hausa mai daɗi, ya karanta shi da ƙarfi, ya saurari yadda zance ke tafiya.

Ruwan Bagaja kuma ku karanta ku sha dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yadda kowannensu ke haƙa wa ɗan'uwansa rami. Sai dai in kun gama dariya ku tambayi kanku, da ku ne aka yi wa irin dabarun nan, dariya za ku yi? Shi ma tauraron labarin ba kowane halinsa ne abin koyi ba, gane haka kuwa yana cikin iya karatu. Shaihu Umar da Jiki Magayi mu kan ajiye su sai yaro ya kai manyan azuzuwa.

Manya fa? Su ma kada su ce karatun labari na yara ne. Maigidan da ke da iyali ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya wulakanta uwargidansa Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wanda ya karanta shi zai san abin da cefanen da aka hana ke nufi ga matar da ke da bakuna tara a gabanta. Iyayen 'yan mata su duba So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, su ji yadda zancen aure ya ke a zuciyar yarinyar da za a aurar. Ma'aikaci kuwa da ɗan kasuwa, ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci.

Tun daga shekarun 1980 littattafan Hausa suka yawaita ƙwarai, musamman a Kano, yau ga shi har a wayar hannu a ke karanta su. Mu kan ji waɗansu malamai sun haɗa su duka sun yi musu kuɗin goro, sun ce shirme ne. In ka tambaye su guda nawa suka karanta, sai su kama kame-kame. Wannan ba adalci ba ne. A ciki akwai tsaba akwai tsakuwa, kamar kowane buhu, aikinmu ne mu zauna mu tsince. Dokar da muka ɗora wa kanmu ita ce, kada mu yabi littafin da ba mu karanta ba, kada kuma mu kushe shi. Wanda ya yi ɗayan biyun nan ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba.

Wannan dokar ce muka roƙi dattijon nan tela ya bi. Muka tambaye shi ko ya kai ƙarshen littafin, ya ce a'a, tsakiya ya buɗe ya ga abin da ya gani. Muka ce ya koma da shi ya karanta daga fari har ƙarshe, in ya gama duk hukuncin da ya yanke mun bi. Bayan mako guda ya komo. Bai ce mun yi daidai ba, har ma ya ce da shi ne da ya jira yaron ya ƙara shekara guda. Amma ya yarda a karanta, bisa sharaɗin yaron zai riƙa karantawa da ƙarfi a zaure bayan an ci tuwon dare, shi yana ɗinki yana ji, in an zo inda ke bukatar magana ya tsai da shi su yi. Da muka yi tunani sai muka ga dabararsa ta fi tamu. Mu mun ba yaro littafi mun sallame shi, shi kuwa ya zauna tare da shi.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, in kun tafi hutun nan da littafi, kada ku ƙule a ɗaki da shi ku kaɗai. Ku karanta wa iyayenku mata da ƙannenku, da duk wanda bai sami shiga makaranta ba. In kakarku ta ce wancan mutumin na cikin labari bai kyauta ba, ku tambaye ta dalili, za ku ji abin da ba ya cikin littafin. In kuwa aro kuka yi, ku sa masa bango, ku tsare shi daga gara da ruwan sama, ku mayar ran da kuka yi alkawari, don wani na jiransa. Allah ya kai mu bayan hutu lafiya, mu ji abin da kowa ya karanto.