MUDU BIYU A GIDAN MAI BI

Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, kasuwannin hatsi kamar ta Saminaka a Jihar Kaduna da ta Mangu a Jihar Filato sukan cika maƙil da buhunan masara. A waɗannan makonni ne kuma ikkilisiyoyi suke yin sujadar godiya ta kaka. Da yawa daga cikin masu kawo dammunan dawa gaban Ubangiji ranar Lahadi da waƙa da rawa, su ne suke zaune a bakin buhu ranar kasuwa da mudu a hannu.

A ɗauki misalin wata gwauruwa mai awon masara a wata kasuwar ƙauye. Tana cikin zumuntar mata, ba ta fashin sujada, yaranta huɗu suna makaranta. Tana da mudu biyu. Ɗaya mai zurfi ne, da shi take auna hatsin da manoma suka kawo mata. Ɗayan an bubbuge gindinsa ya shige ciki, da shi take auna wa masu saye. Ba ita ta ƙago wannan dabara ba, a layin ta tarar da ita. Wata rana mai saye ya tsaya, ta aiki 'yarta ta ɗauko mudu a cikin rumfa. Yarinyar ta ɗaga murya ta ce, "Mama, wanne? Na saye ko na sayarwa?"

Yarinyar ba ta yi nufin tona asiri ba, abin da ta koya a gida ta faɗa. Amma tambayarta ta kawo wata tambaya babba wadda ta shafi kowane gidan masu bi: idan kowa a kasuwa yana tauye mudu, me zai sa mai bi ya cika nasa, alhali yana da bakunan da zai ciyar?

ALLAH YANA DA RUWA DA MUDU

Wasu suna ɗauka cewa al'amuran Allah su ne addu'a, azumi da baiko, kasuwa kuwa tana da nata dokoki. Littafi Mai Tsarki bai san wannan rabo ba. Littafin Firistoci sura 19, wadda ta umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa, ita ce kuma ta ƙare da umarnin a yi awo na gaskiya, har ta ɗaura umarnin a kan cewa Ubangiji ne ya fito da Isra'ila daga Masar (19:35-36). Waɗanda aka cece su daga hannun mai zalunci ba su da izinin zaluntar juna da ma'auni. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta ƙara gaba, ta hana ko da ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. Akwai hikima a nan. Abin da aka ajiye kusa da hannu, ranar da matsi ya zo za a ɗauko shi.

Littafin Karin Magana ya koma kan wannan batu sau da dama (11:1, 16:11, 20:10, 20:23), yana kiran awon zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Wannan kalma mai nauyi ce, da ita Shari'a take kwatanta bautar gumaka.

Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi annabci a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. 'Yan kasuwar da ya tsawata musu masu kiyaye Asabar ne, sai dai suna ƙosawa ta wuce domin su buɗe buhunansu (Amos 8:4-6). A lokacin ba a fara amfani da tsabar kuɗi a Isra'ila ba, azurfa ake aunawa a sikeli. Mudunsu na hatsi shi ne efa, mai cin kimanin lita 22, dutsen awon azurfa kuma shekel, mai nauyin kimanin giram 11. Sai su rage efa su ƙara wa shekel nauyi. Talaka ya karɓi hatsin da bai cika ba, ya biya azurfar da ta wuce kima, a ciniki guda an cuce shi sau biyu. Har sharar alkama sukan haɗa su sayar. Duk wanda ya taɓa sayen buhun da samansa tsaba ce, ƙasansa ƙaiƙayi da tsakuwa, ya san zamanin Amos bai yi nisa ba.

"AI KOWA HAKA YAKE YI"

Hujjar gwauruwar nan ba abin raini ba ce. Za ta ce kuɗin mota ya hau, ga kuɗin rumfa, ga la'adar dillali, ga kuɗin makaranta. Za ta ce masu saye ma sun san mudun kasuwa ba ya cika, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Amma a dubi wanda asarar take faɗa wa. Mai kuɗi buhu yake saya, ya sa a ɗora masa a sikeli. Mai sayen mudu ɗaya ko biyu da yamma shi ne lebura, ko malamin firamare da albashinsa ya makara, ko wata gwauruwar irinta. Tafin hannu guda da aka rage ba ya komawa kan mai mota ko dillali, daga tukunyar maƙwabci matalauci yake fita. Batun cewa kowa ya sani kuwa, da gaskiya ne, da babu dalilin ɓoye mudu na biyu a bayan buhu, da kuma tambayar yarinyar ba ta sa uwarta jin kunya ba.

Nijeriya tana da dokar awo da ma'auni tun 1974, amma babu jami'in da zai iya tsayawa a kan kowane mudu. Abin da yake gadin mudu shi ne tsoron Allah, wanda Karin Magana 1:7 ta ɗauka a matsayin tushen ilimi.

BAMBANCIN CINIKI DA ZAMBA

Wannan ba ya nufin mai bi ba zai ci riba ba. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana saye da sayarwa, tana kuma lura ko cinikinta yana kawo riba. Ciniki ba zunubi ba ne. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Duka biyun suna ganin abin da ake yi, kowa kuma yana da ikon tashi ya tafi. Mudun da aka bubbuge kuwa yakan ƙwace wa mai saye wannan iko, domin an sa shi ya yarda da abin da bai sani ba. Ƙarya ce da ake yi da hannu, baki a rufe.

Saboda haka hanyar da ta rage wa mai bi idan kaya sun yi tsada ita ce ya sa tsadar a kan farashi, inda ido yake gani. Ya cika mudu, ya faɗi kuɗin da zai fitar da shi, ya bayyana dalili. Haka ma mai saye yana da nasa alhaki. Karin Magana 20:14 ta zana hoton mutumin da yake kushe kaya a gaban mai su, ya juya baya yana fahariya da arahar da ya samu. Mai bin da ya ga manomi ya matsu da kuɗin asibiti, ya danne masa farashi har ƙasa, shi ma da ƙaramin mudu ya auna.

IDAN GASKIYA TA JAWO ASARA

Sau da yawa mai cika mudu yakan sami abokan ciniki masu dawowa, har su aiko yara su ce a je wurin wance. Amma ba daidai ba ne a yi wa mutane alkawarin cewa haka zai zama kullum. Wani lokaci masu saye za su wuce zuwa inda kuɗi ya fi sauƙi, abokan layi su yi fushi da wanda cikar mudunsa take tona nasu. Asaf ya ga mugaye suna ƙiba cikin wadata, har ya kusa cewa tsabtar zuciyarsa a banza ce, sai da ya shiga Haikali ya tuna da ƙarshensu (Zabura 73). Karin Magana 16:8 ba ta ɓoye cewa rabon mai adalci yana iya zama kaɗan ba, ta dai ce kaɗan ɗin ya fi.

A nan ne ake gane ko mutum yana dogara ga Allah. Mudu na biyu shaida ne cewa zuciya ta yanke hukunci: Allah ba zai ciyar da wannan gida ba sai an taimaka masa da zamba. Addu'ar Agur a Karin Magana 30:7-9 ta dace da bakin kowane ɗan kasuwa. Ya roƙi a nisanta shi da ƙarya, ya kuma roƙi abincin da zai ishe shi, don kada ƙoshi ya sa ya manta da Ubangiji, kada kuma rashi ya sa ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Sunan nan yana cikin hatsari a kasuwa fiye da cikin majami'a. Maƙwabta Musulmi ma addininsu ya yi horo mai tsanani a kan tauye mudu, suna kuma kallon hannun Kirista kafin su saurari bakinsa.

NAUYIN IYALI DA NA IKKILISIYA

Ba a kasuwa kaɗai ake samun mudu biyu ba. Magini mai rage siminti a ginin wani yana da shi, haka ma'aikacin da yake sa hannu da ƙarfe takwas ya ɓace da ƙarfe goma. Yara suna ganin duk wannan, kuma abin da suka gani ya fi zama a ransu fiye da ayar haddacewa ta makarantar Lahadi. Yesu ya koyar cewa aminci a babban abu daga ƙaramin abu yake farawa (Luka 16:10).

Ikkilisiya kuma bai kamata ta yi wa gwauruwar nan wa'azi ta bar ta ita kaɗai da kuɗin makaranta ba. 'Yan'uwan da suka karɓi hatsinta bashi su biya a kan lokaci. Zumuntar mata ta sa ta cikin adashe, dattawa su san halin da gidanta yake ciki, masu bi kuma su riƙa saye a wurin wanda ya zaɓi gaskiya ko da ya ɗara da 'yan nairori.

KAMMALAWA

Ga wanda yake da irin wannan mudu a gidansa, ƙofar tuba a buɗe take. Zakka mai karɓar haraji ya nuna tubansa da mayar da abin da ya ƙwata har ninki huɗu (Luka 19:8). Mai awo ba zai iya gano duk wanda ya tauye wa ba, amma zai iya fasa mudun a gaban yaransa ya gaya musu dalili, ya nemi waɗanda ya sani ya biya su, sauran kuma ya riƙa yi musu gyara mai kyau a kan cikakken mudu. Bari Ubangiji ya ba gidajen masu bi alherin zama da mudu ɗaya, wanda za a aiki yaro ya ɗauko a gaban kowa ba tare da fargaba ba. Amin.