Shin "Lafiya Lau" Ƙarya Ce?

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar tattasai ta garin Diffa da hantsi ya san yadda ake buɗe ciniki. Kafin a kwance bakin buhu sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya da gida da yara. Babarbare ya ce kəlewa, Bafillace ya ce jam, Bahaushe ya ce lafiya lau. Da wuya ka ji wata amsa dabam, ko da mai amsawar ya yi shekaru rabonsa da gonarsa ta bakin Komadugu.

Mai karatu bai manta da abin da wannan jiha ta gani ba. Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsai da cinikin kifi da tattasai na wani lokaci. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, sannan harin Bosso na Yuni 2016 ya watso dubban iyalai bakin kwaltar da ta nufi Gigimi. Duk cikin wannan hali, in ka tsaya bakin bukka ka ce "ina kwana", lafiya lau za a ce maka. Mu kuwa malamai kullum muna horon yara cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. To, wannan amsa da muke bayarwa sau da yawa a yini, a wane matsayi take?

Wani masanin zamantakewa na Amurka, Harvey Sacks, ya riga mu yin wannan tambaya. A shekarun 1960 ya zauna yana sauraren faifan wayoyin da mutane suka buga wa wata cibiya a Los Angeles mai taimakon masu tunanin kashe kansu. Daga nan shi da abokan aikinsa, Emanuel Schegloff da Gail Jefferson, suka kafa fannin nazarin hira, wato a ɗauki zancen mutane na yau da kullum, a rubuta shi da duk shirunsa da dariyarsa da jan numfashinsa, a duba yadda masu magana ke karɓa-karɓa. A 1975 aka buga wata maƙalarsa wadda ma'anar sunanta ita ce kowa tilas ya yi ƙarya. Hujjarsa ita ce: kowa na iya tambayar lafiyarka, amma ba kowa ne ya cancanci jin damuwarka ba. In ka ce ba lafiya, ka ɗora wa mai tambaya nauyin ya ce "me ya faru?", ko yana da lokaci ko ba shi da shi. Saboda haka sai mutum ya auna wanda ke gabansa, ya ce lafiya, zance ya wuce.

Na yarda da bayanin Sacks, amma kalmar ƙarya ta yi mini nauyi. Maƙaryaci yana son ka gaskata abin da ba haka yake ba. Wanda ya je dubiya ya ce "yaya jiki?", majinyaci ya ce "da sauƙi" alhali ko zama ba ya iyawa, wa aka ruɗa a cikinsu? Dukansu sun san halin da ake ciki. Aikin wannan amsa shi ne ta shaida maka cewa na gan ka, na karɓi gaisuwarka, babu gaba tsakaninmu. Masu nazarin hira sun lura cewa wasu maganganu tagwaye ne: gaisuwa da amsarta, tambaya da jawabinta. In ta farko ta fito ta biyu ba ta biyo ba, kowa a wurin sai ya ji giɓin. Shi ya sa ƙin amsa sallama ke ciwo kamar zagi. Waɗanda suka ajiye makamai bayan kiran da gwamnati ta yi a Disamba 2016, suka bi ta cibiyar Gudumariya suka koma cikin jama'a, jarrabawarsu ta farko a bakin masallaci ko rijiya take: za a amsa gaisuwarsu ko za a kau da kai? A irin wannan wuri "lafiya lau" tana da nauyin da ya wuce labarin jiki.

Har ila yau, gaskiya ba ta ɓacewa cikin gaisuwa, jinkirta ta ake yi. Gail Jefferson ta nuna a 1980 cewa mai damuwa yakan rage wa amsarsa ƙarfi kaɗan, don ya yi ishara cewa akwai magana a gaba in ana son ji. Bahaushe gwani ne a wannan. Akwai tazara tsakanin "lafiya lau" da "lafiya" kurum, akwai kuma wata tsakanin "da godiya" da "to, ga mu nan dai". Shiru ma yana da ma'auni. Binciken da Tanya Stivers da abokanta suka buga a 2009, a kan harsuna 10 na nahiyoyi dabam-dabam, ya gano cewa tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne kacal. Ke nan wanda ya yi jim na sakan guda kafin ya ce "lafiya" ya riga ya faɗi wani abu. Kakanninmu ba su da agogon auna wannan, amma sun san a bar baƙo ya sha ruwa, a sake gaisawa karo na biyu, a jira "sai dai" ɗin da ke zuwa bayan an natsu. Sau nawa ainihin abin da ya kawo mutum yake fitowa sai wajen rakiya, an kai bakin zaure?

Sai dai kada mu yabi al'adar mu rufe ido ga inda take cutarwa. An gina ta ne don masu lokacin zama. Ma'aikacin agaji mai takardar cikewa, da malamin asibiti mai dogon layi a ƙofa, da malamin makaranta mai aji cike maƙil, amsar farko suke ɗauka su wuce. Macen da aka raina da haƙuri, da yaron da aka koya wa kunyar manya, ba za su tsallake gaisuwa su faɗi yunwa ko firgitar dare ba. Sai a rubuta lafiya, a rufe littafi. A ganina laifin a nan ba na mai amsa ba ne. Shi ya cika nasa ladabin. Wanda ya yi tambaya ya tashi kafin amsa ta biyu, shi ne ya mai da gaisuwa ƙarya, domin ya nuna yana son ji alhali ba ya so.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyarwa a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kamar sakan ɗaya bayan ya yi tambaya, kuma in ya jira sakan 3 amsoshin yara sukan ƙara tsawo, masu shiru ma su buɗe baki. Ina ga yaron da ya tashi da Barbarci a Tumur ko Geskeru, ya yi gudun hijira, ake tambayarsa da Faransanci?

Ga ƙungiyoyinmu na al'adu kuma akwai aiki. Kwarin Komadugu wuri ne da Barbarci da Fillanci da Tubanci da Larabci da Hausa ke gaisawa a tabarma guda. Da za a haɗa hannu da ɗaliban Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, a ɗauki irin waɗannan hirarraki da yardar masu su, a rubuta su yadda suka fito, da mun san yadda kowace al'umma ke ishara da damuwarta, mu koya wa sababbin malamai da ma'aikatan lafiya kafin a tura su ƙauye.

Kafin nan, gobe da safe in ka ce wa ɗalibinka "ina gida?" ya yi jim, ya sunkuyar da kai ya ce "lafiya", kada ka kira sunan na gaba tukuna. In an tashi tara, ka neme shi ku sake gaisawa.